Ranar da Aka Cire Katifun Funazoko

Ƙarfe ɗaya na rana Tokie ta iso wurin aiki, ta tarar da katifunta jibge a kan matakala. Sai da ta tattaka su kafin ta samu hanyar sauka. Tsofaffin katifun auduga ne guda talatin da biyu, ita da hannunta ta buga su da ƙusa a bangon Funazoko shekara ashirin da shida da suka wuce, ta lulluɓe su da baƙin ƙyalle domin su riƙa shanye amon da siminti ke mayarwa. Yau ga su an watso su waje kamar shara.

Funazoko gidan rawa ne a ƙarƙashin ƙasa, ƙasan wani shagon taliya a kudancin birnin Osaka na ƙasar Japan. Mutum tamanin sun cika shi. Duk wanda manyan gidaje suka kora da kiɗansa, nan yake gangarowa. Yau ka ga mai busa ƙaho shi kaɗai, gobe 'yan mata uku suna dukan tankin mai da guduma, jibi wani dattijo ya haɗa waƙoƙin masunta da gangar lantarki. Kuma duk wata uku ana miƙa wa wani mai zane bangon gidan ya yi yadda ya ga dama da shi. Masu zanen nan sun zo sun tafi sun fi ɗari. Sun liƙa takarda, sun rataye tsumma, sun shafa fenti a kan baƙin ƙyallen, amma ba a taɓa samun marar ta-ido da ya leƙa bayansa ba sai wannan karon.

Tokie ita ce mai haɗa sautin gidan. Shekararta hamsin da tara, gajera ce, kuma ba ta da sakin fuska ko a ranar da take cikin farin ciki.

Da ta tura ƙofar ciki sai haske ya kashe mata ido. Bangon nan huɗu, daga ƙasa har rufi, an jere su da murfin tukwane na alminiyam, manya da ƙanana, wasu sun lotsa, wasu da baƙin hayaƙi a gefe. A kan tsani wata doguwar mace ce sanye da wandon aiki, kanta a aske, tana ɗaure wani murfin da waya.

"Ke! Wa ya ba ki izinin taɓa min bango?"

Matar ta waiwayo a hankali, ta cire ƙusar da ke bakinta. Urabe Nagisa ke nan, mai zanen da aka ba bangon wannan zangon. Ta ce wani abu, amma muryarta siririya ce, ba abin da ya iso wa Tokie sai gutsattsari.

"Sauko ki yi magana kamar mutum. Ba na hira da wanda ke saman tsani."

Nagisa ta sauko ba ta ko gaggawa. Tokie ta kafa wa bakinta ido.

"Na ce, ban san bangon naki ba ne, Obachan. Na ɗauka na mai gidan ne, Mogami-san."

"Obachan? Na yi miki kama da ƙanwar uwarki?"

"To Tokie-san, tunda girmamawa kike so. Kin san abin da na tarar a bayan katifun nan? Kyankyasai sun yi gari har da mai unguwa. Auduga ta ruɓe ta yi kore. Shekara nawa mutane na shaƙar wannan? Ni godiya na zata za ki yi."

"Godiya? Kin mayar min da ɗaki gwangwanin madara, ki ce in gode?"

"Murfi ɗari huɗu ne," in ji Nagisa, tana nuna bangon da haɓa. "Daga shagunan abincin layin kasuwar da ake rushewa na tattaro su, ɗaya bayan ɗaya. Kowanne akwai sunan mai shi a ciki. Wata takwas ina yi. Kuma don ki sani, in kina kallon bakina haka kamar na ci miki wani abu, ba tsorata zan yi ba."

Tokie ta ja tsaki ta kau da kai. Da ma yarinyar ta san dalilin kallon.

Ga abin da babu wanda ya sani a Funazoko. Shekara biyu ke nan da siraran sautuka suka ƙaurace wa kunnen Tokie. Farko ta daina jin kukan ƙwarin bazara, ta ɗauka su ne suka yi ƙaranci. Sai butar shayinta ta ƙone a kan wuta tana zaune kusa da ita. Ta hau jirgin ƙasa har birnin Kobe, inda ba wanda ya san ta, likita ya gwada ta ya ce abin da ya tafi ya tafi. Kaurin sauti tana ji, muryar maza tana ji, amma duk abin da ya yi tsini ya wuce ta. Ta dawo ba ta gaya wa kowa ba. Abin da ya rufa mata asiri shi ne ta san ɗakin nan fiye da yadda ta san ɗakin kwananta. Ta ɗiga jan farce a jikin teburin sautinta, kowane maɓalli da iyakarsa: in an kai nan lafiya, in an wuce nan lasifika za ta yi kuka. Sauran kuma ta cire takalmi, ta rufe ido, ta ji kiɗan yana shigo mata ta tafin ƙafa. Matasa har hotonta suke ɗauka in ta rufe idon, suna cewa gwana ce, ba ta bukatar kallon allurar ma'aunin sauti. Amma ɗigon jan farcen nan na ɗaki mai katifu ne. A ɗakin murfin tukwane ba su da wani amfani, kuma ita ba ta da kunnen da za ta sake auna sabbi.

Mogami, mai gidan, ya fito daga bayan kantar giya yana goge hannu da tawul. Mutum ne mai tumbi da sanyin hali, irin wanda in an fara faɗa sai ya tuna yana da aiki a sito.

"Tokie-chan, kin iso? Kin ga aiki ko? Kai, kamar cikin akwatin gwal!"

"Da saninka aka yi wannan?"

"To... ai ta ambata. Na ce zan gaya miki, sai kuma..."

"Sai kuma tsoro ya kama ka. Shekara ashirin da shida, Mogami, ko wayar tarho ban isa ka buga min ba?"

"Ranar Juma'a 'yan jarida za su zo," ya ce yana sosa ƙeya. "Yara sun daina gangarowa nan. Kin gani da idonki ran Asabar, mutum goma sha ɗaya, uku a ciki 'yan uwan mai ganga ne."

"Sai su zo su kalli murfi su toshe kunne. Nan gidan kiɗa ne ko shagon 'yan gwangwan?"

"Ai kiɗan da kuke yi ma da na 'yan gwangwan ɗin ba su da nisa," Nagisa ta jefo daga gefe. "Jiya na ji ana dukan tanki."

"Da ke ake magana?"

"Da aikina ake magana."

Mogami ya ɗaga hannu biyu. Ya ce ƙarfe huɗu mawaƙiya Chizuru za ta zo gwaji, tunda ita ke da dandamalin ranar Juma'a. A kunna komai a saurara. In sauti ya yi kyau, murafe su zauna. In ya lalace, a sauke su a mayar da katifu. Yana gama faɗa ya ce bari ya duba ƙanƙara, ya shige.

Tokie ba ta tsaya jiran ƙarfe huɗu ba. Ta hau matakala ta jawo katifa biyu, tana nishi, ta jingine su a bayan dandamali inda aƙalla za su tare wani abu. Ta koma ɗauko ta uku, kafin ta dawo Nagisa ta riga ta fitar da biyun ta ƙofar baya ta jefa su cikin lungu, inda ruwan wankin tukwanen mai taliya ke kwarara.

"Ki sake shigo da ɗaya, in sake fitarwa," in ji Nagisa. "Ni ƙafafuna ba sa ciwo."

"Za su yi. Kina nan."

"Ke kam me ya yi miki zafi haka? Aikinki ne ki daidaita sauti da ɗaki. Duk gidan da na je, masu sauti murɗa maɓalli suke yi su wuce wurin. Ko kuwa ƙwarewar taki iyakarta katifa?"

Maganar ta soki Tokie daidai inda take ɓoyewa. Ta ji tsanar yarinyar har cikin haƙoranta. Ta saki katifar a ƙasa, ta haye sama shagon taliya, ta zauna a kusurwa da kwanon da ba ta iya ci ba.

Ta yi tunanin ta kira Mogami gefe ta faɗa masa gaskiya. Ta san abin da zai yi, kuma shi ne abin da ba za ta iya ɗauka ba. Idonsa zai ciko da ƙwalla, ya dafa mata kafaɗa, ya ce kada ta damu, gidan nan nata ne. Sai ya nemo wani saurayi ya zaunar a teburinta, ita kuma a ajiye mata kujera a bakin ƙofa tana buga wa mutane hatimi a bayan hannu. Makaɗan da ke rusuna mata yau su riƙa ɗaga murya suna mata magana a hankali kamar jaririya. Kafin mako ya zagayo duk Osaka ta ji cewa Tokie ta Funazoko kurma ce, kuma shekara biyu tana yi musu wasan rufe ido. Tana tuna hakan ta ture kwanon.

To, ai Mogami ya ba ta hanya da bakinsa. In sauti ya lalace, a sauke murafe. Kuma wa ke riƙe da sautin? Abu ne mai sauƙi: ta ɗan tura ƙarfin lasifikar da ke gaban mawaƙiya ya wuce ɗigon ja. Ta san abin da ke biyowa, ta yi shekaru tana kauce masa. Wani gurnani ne mai kauri ke fara tasowa, kamar kukan saniya daga nesa, tana jin sa sarai a kunne da ƙafa. Ta bar shi ya yi daƙiƙa biyu, kowa ya yamutsa fuska, ta sauke, ta ce kun gani? Ba wanda zai cutu. Ta biya mai taliya ta sauka da ƙarfinta.

Ƙarfe huɗu saura kaɗan Chizuru ta iso rungume da akwatin shamisen ɗinta, molon nan mai tsirkiya uku da ta maƙala wa wayar lantarki. Ita da Tokie sun kai shekara ashirin tare. Ranar da mijin Chizuru ya rasu, Tokie ce ta kwana uku a gidanta tana dafa wa baƙi shayi.

"Tabɗi!" Chizuru ta tsaya tana juyi tana kallon bango. "Toki, an mayar da ke madafa? Ina cokulan?"

"Ki bari kawai. Zauna mu gwada mu gani."

"Yi a hankali da ni fa, yau kaina na sarawa. Ke ce 'yar zanen? Sannu da aiki, 'yata. Kada ki kula ta, haka fuskarta take tun tana budurwa."

Chizuru ba ta waƙa a tsaye. Durƙusawa take a kan matashi, ƙafa a naɗe, yadda malamarta ta koya mata, don haka lasifikar ƙasa da ke mayar mata da muryarta tana daidai kunnenta na hagu, bai fi kamu biyu ba. Ta gyara makirufo, ta ɗaure tsirkiya, ta fara wata tsohuwar waƙar masu dakon gishiri. Mogami ya jingina da kantar giya. Nagisa ta zauna a matakin tsaninta ta harɗe hannu.

Tokie ta cire takalmi. Ta ɗora yatsa a kan maɓallin, ta rufe ido, ta fara turawa kaɗan-kaɗan. Ta ji ƙaramin tudun jan farcen ya wuce a ƙarƙashin yatsanta. Ta jira gurnanin. Shiru. Ta ƙara. Tafin ƙafarta bai gaya mata komai ba, sai ma ta ji kiɗan ya tsaya, ta ɗauka Chizuru numfashi take ja. Ta ce a ranta, to fito mana, ta ƙara turawa.

Abin da ba ta sani ba, tun kafin yatsanta ya kai ɗigon, murafen nan ɗari huɗu sun kama wani siririn fito sun shiga jifan juna da shi. Ba gurnani ɗakin ƙarfe ke fara yi ba, tsini yake farawa da shi. Ƙarar ta tashi kamar ana soka allura a ƙwaƙwalwa. Mogami ya saki kofin da ke hannunsa ya toshe kunnuwa yana kiran sunanta, ƙarar ta haɗiye muryarsa. Chizuru ta yi ƙoƙarin tashi, ƙafarta da ke naɗe ta ƙi, wayar molon ta harɗe ta, ta faɗi gefe kanta ya ƙara matsawa kusa da lasifikar. Ita kuwa Tokie tana tsaye ido rufe, fuska a natse, tana ƙara wuta.

Nagisa ce ta diro daga tsani ta ruga bayan dandamali ta fizge babbar wayar daga bango.

Tokie ta ji ɗan gunjin na'urorin ya mutu a ƙarƙashin ƙafarta, ta buɗe ido. Warin ƙonannen roba ya cika ɗakin, wani siririn hayaƙi na fita daga lasifikar. Chizuru na kwance a dandamali ta dafe kunnen hagu da hannu biyu, bakinta a buɗe. Mogami ya durƙusa kusa da ita. Tokie ta ƙura musu ido. Ba ta san abin da ya faru ba, amma ta san ko mene ne ya daɗe yana faruwa.

"Chizu..." Ta taho da sauri ba takalmi.

"Kada ki taɓa ni." Chizuru ta tashi zaune da ƙyar. Ta kaɗa yatsu kusa da kunnen, ta sake kaɗawa, hawaye na zuba. "Ba na ji da shi. Mogami-san, ba na jin komai da wannan, sai ƙara."

"Zai dawo, zai dawo, yanzu za mu je asibiti," in ji Mogami. Sai ya ɗago ya dubi Tokie. A shekara ashirin da shida ba ta taɓa ganin wannan fuskar a wurinsa ba. "Daƙiƙa nawa ke nan? Ashirin? Ina ta ihu ina kiran sunanki. Me ya hana ki kashewa?"

Tokie ta bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Mogami-san." Nagisa ce, tana tsaye da wayar a hannu tana haki. Wannan karon ta juyo sosai, kuma a hankali take furta kowace kalma, yadda Tokie ta karanta su tsaf a leɓenta. "Ina kallon fuskarta tun farko. Ko gira ba ta motsa ba. Ba wanda zai tsaya a cikin wannan ƙarar haka, ko da ya so. Ba mugunta ba ce. Ba ta ji ba ne."

Babu izgili a fuskar Nagisa, kuma wannan ya fi ƙona wa Tokie rai fiye da duk baƙar maganar da suka yi tun rana. Ta dubi Mogami, ta ga fushin ya fara narkewa, idonsa ya fara cikowa, hannunsa ma har ya fara ɗagowa zai nemi kafaɗarta. Ta dubi Chizuru, ta ga ta sassauta hannu daga kunne tana kallonta da wani irin tausayi, bakinta na shirin cewa wayyo Toki. Kalma ɗaya za ta faɗa su yafe mata duka, har da kunnen.

"Ƙarya take yi," in ji Tokie.

"Tokie-chan, in dai akwai wani abu da..."

"Na ce ƙarya take. Na ji sarai. Wace ce ita da za ta zo jiya-jiya ta gaya min abin da na ji da wanda ban ji ba? Ka ce a gwada ɗaki, na gwada. So nake ku ji abin da gwangwanayenta ke yi, ku ji shi da kyau yadda ba za ku manta ba."

Hannun Mogami ya koma ƙasa.

"Kin san inda kaina yake," Chizuru ta ce. "Ke kika ajiye lasifikar da hannunki. Na ce miki kaina na ciwo. Toki, dube ni. Kina ji, kika bar shi?"

Tokie ta dube ta. Ta so ƙasa ta tsage ta shige. Nagisa na gefe tana girgiza kai, tana cewa wani abu da siririyar muryarta, Tokie ba ta ko juya ta karanta ba.

"Ina ji," ta ce. "Da gangan na yi."

Chizuru ta kau da kai. Ta jawo akwatin molonta da hannu ɗaya, ɗayan na kan kunne, Nagisa ta durƙusa ta taya ta rufewa. Mogami ya kama ta ya tsayar, suka nufi matakala. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Ki ajiye makullin a kan kantar giya kafin in dawo, Kuwabara-san."

Tun da suka san juna bai taɓa kiran ta da sunan gidansu ba. Muryarsa mai kauri ce, don haka wannan kam ta ji shi tsaf.